Langar Luke

"Ba za ki je ba."

Mama ba ta ma ɗaga kai daga bakacen acha ba sa'ad da ta faɗi haka.

"Mama, kwana ɗaya ne fa. Gobe Asabar mu tafi, Lahadi da yamma mun dawo."

"Sujada fa?"

"A can za mu yi. Kumai ne zai yi wa'azi."

"Kumai! Wanda ko addu'ar abinci sai ya yi dariya a ciki?" Ta kaɗa faifai. "Shi ma zai je?"

Na san wanda take nufi. A gidanmu ba a kiran sunan Uzoma. "Shi" ake cewa, ko "ɗan loko", don a shagon gyaran jiragen ƙasa na Kafanchan yake aiki.

"Zai je."

"Na sayar da citta na tura ki Zariya ki yi digiri. Kin dawo, duk samarin ƙasar nan ba ki ga kowa ba sai ɗan Ibo!"

"A nan aka haife shi, Mama. Kin san uwarsa."

"Na san uwarsa. Ɗana fa? Wa ya san inda yake?"

Na tashi na shiga ɗaki. Ita ma ta ci gaba da bakacenta. Haka faɗanmu yake ƙarewa kullum, ba wanda ya ci.

Da tuwo ya nuna, ta yi abin da ta saba. Ta fara ɗauko farar langa mai bakin shuɗi, ta zuba malmala biyu, ta sa miyar karkashi a gefe, ta rufe, ta ajiye a kan tebur ƙarƙashin hoton yayana Luke.

Ranar da Luke zai tafi yaƙin basasa bai gama cin abincinsa ba, motar soja ta yi ta ƙara a bakin hanya. Ya rufe langar ya ce, "Mama, ki ajiye mini, zan dawo in ƙarasa." Bayan wata uku aka ce jirginsu ya nutse wajen ƙetare kogin Kwara zuwa Anacha. Ba gawa, ba kabari. Akwatin ƙarfe kawai aka kawo mana.

Shekara takwas ke nan Mama tana ajiye masa. Da yake zubar da abinci zunubi ne, ni nake cinyewa da safe, da sanyinsa, in wanke langar in kife. In ina makaranta, ita take ci. Da na dawo na karɓi aikina.

Ban san ranar da na daina jin ɗanɗanon abinci ba. Ban san ranar da na daina jin sauran abubuwa ba.

Da safe Mama ba ta ƙara cewa kada in je ba. Ta dai juya mini baya tana shara. Na ci tuwon Luke a tsaye, na wanke, na tattara tabarma da zane da Littafi, na fita.

Mu takwas ne a bayan a-kori-kura. Kumai, malamin gona, shi ya aro motar, shi yake tuƙi. Ban wuce wata biyu da sanin yawancinsu ba, a zumuntar matasa muka haɗu. Wadda ta ja ni ciki ita ce Clara, 'yar bautar ƙasa daga Warri da aka turo makarantar da nake koyarwa. Hausarta wata shida ce, amma ba ta jin kunyar kowace kalma.

"Afiniki, kai yi dariya mana! Mu tafi wasa ne, ba jana'iza ba!"

Na yi mata murmushi. Na iya wannan, kamar yadda na iya rubutu a allo.

Uzoma yana zaune daura da ni, ya riƙe tukunya tsakanin ƙafafunsa. Sai da muka wuce Gidan Waya ya dube ni.

"Malama, kin karya?"

"Na karya."

"Da me?"

"Tuwo."

Ya gyaɗa kai. Ya san wane tuwo ne.

Sau uku yana tambayata in bar kawunsa ya zo gidanmu gaisuwa. Sau uku ina cewa sai na yi tunani. Yanzu ofishinsu ya ba shi takardar canjin wurin aiki zuwa Inugu. Ran Litinin zai sa hannu, ko ya ce a bar shi a Kafanchan. Ya gaya mini a fili cewa amsata ce za ta riƙe masa alƙalami.

Ina son sa? Na sha tambayar kaina. Na san yana da tabo a haɓa, na san yana cire agogo kafin ya yi addu'a, na san in ya ji kunya yana shafa ƙeya. Na san duk wannan kamar darasi. Amma in na leƙa cikin ƙirjina don in ga amsar, sai in tarar da ɗaki a share, ba kowa.

Tafkin yana bayan Godogodo, tsohon ramin haƙar kuza ne da ruwa ya cika. Wani dattijo da ya yi wa Turawan kuza aiki ya gyara bakinsa, ya dasa mangwaro, ya kafa bencuna, ya ajiye kwale-kwale biyu. Ruwan kore ne, ba ya motsi.

"Kada ku ga ya kwanta," in ji dattijon. "Tsakiyarsa ta fi bishiyar giginya zurfi."

Maza suka kafa tanti biyu da suka aro wurin 'yan Birged, ƙungiyar samarin coci. Na farko ya faɗi sau biyu a kan Kumai.

"Injiniya, zo ka taimaka mana! Ko sai abin da yake da tururi ka iya?"

"Malamin gona da ba ya iya kafa turke!" in ji Uzoma. "Shi ya sa doyarmu take tsada."

Martha, budurwar Kumai, ta ɗora faten acha da yakuwa. Na zauna ina yanka albasa ina kallonsu. Suna dariya, ina jin dariyar kamar rediyon maƙwabta.

Rana ta yi ja sa'ad da Martha ta buga ludayi a tukunya.

"Kowa ya kawo kwanonsa!"

Uzoma ya shafa ƙeya. Ya tuna da tukunya da fitila da igiya, ya manta kwano.

"Ba damuwa," in ji Clara. "Afiniki yana da biyu, na gani a jaka."

Biyu? Kafin in juya ta riga ta shiga tanti ta fito. Ta miƙa wa Martha, Martha ta cika, Clara ta ɗora a hannun Uzoma.

Fara ce, mai bakin shuɗi.

Ban san na tashi ba. Na fizge ta daga hannunsa, fate ya zube masa a wando, ya zube mini a yatsu.

"Ba a ci a wannan!"

Kowa ya tsaya.

"Afiniki... mene ne?" in ji Clara. "Na yi laifi?"

Na rungume langar Luke a ƙirji. Da safe na wanke ta, maimakon in kife sai hannuna ya tura ta cikin jaka tare da nawa kwanon. Yanzu haka a gida tuwo ya nuna, Mama tana laluben kantar kwanoni.

"Laifina ne," in ji Uzoma a hankali yana goge wando. "Clara, ba ni murfin tukunya. Mu 'yan loko a kan shebur ma muna ci."

Kumai ya yi dariya don ya taimaka, saura suka bi shi. Na koma bayan tanti na juye faten a kwanona, na wanke langar. A gindinta akwai sunan da Luke ya kanƙara da ƙusa tun yana firamare. Yatsuna sun yi ja saboda zafin fate. Na dube su ina jira su yi mini ciwo.

Washegari bayan sujada aka ce a shiga ruwa. Wa'azin Kumai a kan Bitrus ne da tafiya bisa teku, ya rufe da cewa kada kowa ya gwada.

Clara da Kumai suka ɗauki kwale-kwale ɗaya, suna ta juyawa wuri guda kamar kaza mai farfaɗiya.

"Tuƙa ta hagu!"

"Wane ne hagu? Naka ko nawa?"

Uzoma ya riƙe mini ɗayan. Na shiga da langar a ƙunshe cikin ɗankwali, don ban yarda in bar ta a tanti ba. Ya gani, ya kau da kai.

Ya zauna a baya. Filafilinsa yana shiga ruwa ba ƙara, yana fita ba ƙara. Kafin in ankara bakin tafki ya yi nisa, muryoyin abokanmu sun ƙanƙance.

"A ina ka koyi wannan? Ba kogi a Kafanchan."

Ya daina tuƙi.

"A Kwara."

Na juyo na dube shi.

"Afi, akwai abin da ban gaya miki ba. Ba na so in sa hannu a takarda, ko in ƙi sawa, ba ki sani ba."

"Ina ji."

"Da muka gudu daga nan lokacin rikici, Anacha muka sauka. Ina da shekara goma sha takwas. Sojojin wancan ɓangaren suka kama mu a kasuwa, suka ba mu kaki. Na yi wata huɗu da bindiga kafin su mai da ni tuƙin jirgin abinci." Ya dubi ruwa. "Ranar da sojojin gwamnati suka yi ƙoƙarin ƙetarewa... ina bakin ruwa. A wancan gefen."

Wani tsuntsu ya taso daga ciyawa ya wuce ta kanmu. Na bi shi da ido har ya ɓace.

"Ka yi harbi?"

"Na yi. Kowa ya yi. Ban ga fuskar kowa ba, hayaƙi ne da ihu. Ban sani ba, Afi. Har in mutu ba zan sani ba."

Na jira fushi ya zo. Na jira kuka. Abin da na lura da shi kawai shi ne ƙafafuna sun jiƙe.

"Ruwa yana shiga," na ce.

Ya duba. Wani tsagi da aka toshe da tsumma da kwalta ya buɗe a ƙarƙashin mazaunina.

"Akwai gwangwani a gabanki. Ki kwashe, ni zan juya mu."

Na ɗauko gwangwanin. Tsatsa ta cinye gindinsa, ina ganin yatsun ƙafata ta ciki. Na gwada da tafin hannu. Ruwan ya kai idon sawu.

"Afi..."

"Na sani."

Na kwance ɗankwali. Na ajiye murfin a cinyata, na fara kwasa da langar Luke. Cika, zubar. Cika, zubar. Tana ɗaukar ruwa da yawa, malmala biyu da miya take ci.

"Ki ce wani abu, don Allah. Ki zage ni ma."

"Ba ni da abin cewa."

"Ko kaɗan ba kya jin komai?"

"Uzoma, shekara takwas ina cin abincin mamaci kowace safiya. Me kake so in ji?"

Na miƙa hannu waje don in zubar. Har yau ban sani ba, santsi ne ya ƙwace ta ko yatsuna ne suka buɗe. Ta zauna a kan ruwa kamar za ta yi iyo, ta karkata, ta sha, ta fara sauka. Ina ganin farinta yana zama kore, yana ƙanƙancewa.

Na ce, "Ta tafi." Kamar mai faɗin ƙarfe nawa.

Sai na ji ƙarar agogo a katako. Kafin in ɗaga kai ya faɗa ruwa.

Ya fito ya ja numfashi, ya koma. Ya sake fitowa, idanunsa jawur.

"Bar ta!"

"Na kusa... na ga wani abu fari..."

Ya koma na uku.

Ruwan ya rufe. Da'irar da ya bari ta buɗe, ta buɗe, ta ɓace. Agogonsa yana kwance kusa da ƙafata, ina kallon siririn hannun yana tafiya. Ya zagaya rabi. Ya zagaya duka. Tafkin ya koma yadda muka same shi, kore, a kwance, kamar bai taɓa ganin mutum ba.

Haka Kwara ta yi ke nan. Haka ta rufe, aka kawo mana akwati.

Wani abu ya tsage a ƙirjina.

"Uzoma! Uzomaaa! Yesu! Ku zo! Kumai, ku zo!"

Ban san muryata tana da wannan girma ba. Ina dukan ruwa da hannu, ina kiran sunan da ba a kira a gidanmu. Yatsuna da fate ya ƙona jiya suka fara zafi, zafi sosai.

Ya ɓullo a bayan kwale-kwalen yana tari, hanci yana jini. Ya kama gefe da hannu ɗaya. Ɗaya hannun ya buɗe mini: laka ce da farin dutse.

"Ki yi haƙuri... ban kai ba..."

Na kama wuyan rigarsa da hannu biyu.

"Kada ka sake! Ka ji ni? Kada ka ƙara! Na riga na ba ruwa mutum ɗaya!"

"Afi, kina kuka..."

"Ina ruwanka! Wawa! Saboda kwano?"

"Masoyiyata, sake ni, za ki kifar da mu."

Da murfin na ci gaba da kwasar ruwa, ina kuka ina kwasa, shi yana tura mu da iyo, har Kumai da Clara suka iso a karkace suka jefo igiya. Clara ta rungume ni a bakin tafki ba ta tambayi komai ba.

"Yi kuka, 'yar'uwa. Yi duka."

Rana ba ta faɗi ba muka shiga Kafanchan. Na ce Kumai ya sauke ni a bakin layi. Uzoma ya diro bayana.

"Ina za ka?"

"Ni na sa kika shiga ruwa da ita. Ni zan faɗa."

Mama tana zaune a ƙofar kicin. Idanunta sun kumbura. Kantar kwanoni a buɗe, duk kwanonin gidan a ƙasa, har na cikin akwatin aurenta.

Ta dube ni, ta dubi murfin da ke hannuna, ta dubi wanda yake bayana.

Uzoma ya durƙusa a ƙasa.

"Mama, barka da yamma."

Ta kau da kai daga gare shi.

"Ina sauran?" ta ce da ni.

"Ni na ɗauka bisa kuskure, Mama. Ta faɗa tafki. A hannuna ta faɗa."

"Na nutsa sau uku, Mama," in ji Uzoma. "Ban same ta ba. Ki gafarce ni."

Sai a lokacin ta dube shi sosai: rigar da ta bushe da laka, busasshen jini a gefen hanci.

"Kai ka shiga ruwa... neman kwanon ɗana?"

"I, Mama."

"Ka riƙe bindiga a yaƙin nan?"

Na rufe ido.

"Na riƙe. A bakin Kwara. Ban san wanda na samu ba, ban san wanda ban samu ba."

Mama ta miƙo hannu, na ba ta murfin. Ta shafa bakinsa da babban yatsa, a hankali, har ta zagaye shi.

"Jiya na dafa," ta ce, ba da kowa ba. "Na nemi inda zan sa masa, babu. Na tsaya da mara a hannu har tuwo ya huce. Sai na ce, Luke, ba ka zuwa, ko? Ba ka zuwa..."

Na durƙusa na riƙe gwiwoyinta, muka yi kukan da ba mu yi ba ranar da aka kawo akwati. Uzoma bai motsa daga inda yake ba.

Da ta gaji, ta share fuska da bakin zane, ta tashi ta shiga kicin. Muka ji ƙarar tukunya. Ta fito da wani tsohon kwano mai fure, ta ɗora murfin Luke a kai. Ya ɗan fi kwanon faɗi, yana rawa. Ta wuce tebur, ta wuce hoton, ta ajiye a gaban Uzoma.

"Ban ce na yarda ba," ta ce. "Kawunka ya zo, in ji bakinsa. Ban ce komai ba tukuna."

"Na gode, Mama."

"Kada ka gode. Ka ci da zafinsa." Ta juya za ta koma, ta tsaya. "Uzoma kake, ko?"

"I, Mama."

"Ka cinye duka, Uzoma. A gidan nan ba a ƙara ajiye saura."

Ya cire agogo, ya sunkuyar da kai. Da ya ɗaga murfin tururi ya taso. Ya matso mini da kwanon kaɗan, na wanke hannu na gutsura.

Miyar ta yi yaji. Na ji shi har cikin idona.